Ranar da Eriyar Tsoho ta Mutu

"Wa alaikumus salam, ai tun daga bakin layi na ji ki. Wa zai kasa gane wannan tafiyar taki, kamar ana jan buhun ƙarafa? Ina kwana, Amarya?"

"Lafiya lau, Angon ƙarni. Ka tashi lafiya, ko kai kaɗai ka tashi ka bar lafiyar a kwance?"

"Lafiyata ta fi taki. Ya mutanen gidan?"

"Suna gaishe ka. Matsa mini in wuce, kayan nan sun kusa cire mini kafaɗa."

Tsoho ya matsa taku biyu zuwa hagu, daidai inda ya san babu kujera. Baba Mai Eriya, haka duk unguwar ke kiransa, don ya fi shekara arba'in yana hawa rufin mutane yana kafa musu eriyar talabijin. Wadda ta shigo kuwa jikarsa ce, 'yar babban ɗansa, abokiyar wasansa tun tana rarrafe: shi ya ce matarsa ce, ita ta ce Allah ya kiyaye. Ga ta yanzu ta girma ta gaji sana'ar, sai dai ta zamani, tana cikin masu bi gida-gida suna kafa faifan satalayit ɗin da ake rabawa kyauta. Wata shida ana shela cewa za a kashe tsohon tsarin talabijin, kowa ya koma kan faifai da dikoda. To, yau ce ranar, kuma ƙarfe sha ɗaya za a kashe.

Amma ba wannan ne ya hana tsoho sakat ba. Wata takwas ke nan idonsa ya tafi. Ba duka ba, yana ganin haske, yana ganin inuwar mutum in ya gifta, amma fuska da rubutu da lamba duk sun narke masa. Bai gaya wa kowa ba, kuma yana da dalilinsa. Tun ranar da ya zame a matakalar ƙofa, babban ɗan nasa ya share masa ɗaki a can hawa na huɗu inda suke zaune, ya ce, "Baba, in na ƙara ganin alama guda, ranar zan ɗauke ka." Shi kuwa tsoho a yi masa komai, ban da raba shi da gidan nan, inda ya san taku nawa ne daga gado zuwa famfo, inda matarsa ta cika a ɗakin baya shekara biyu da suka wuce. Tun ranar ya kulle ɗakin, bai bari kowa ya ƙara shiga ba.

Jikar ta dire kayanta a tsakar falo, wani abu ya ce ƙwal.

"Me kika jibge mini haka? Kwanon wanki kika kawo?"

"Kwanon wanki! Wannan ne zai kawo maka tasha ɗari har gadonka, kuma kyauta."

"In yi me da tasha ɗari? Uku gare ni, ukun ma ƙarya suke shirgawa."

"Ukun nan saura minti arba'in a yi musu sutura."

"Eriyata ba ta mutuwa. Eriyar nan da kika raina, ranar da na kafa ta har atishawar wani mai karanta labarai na kamo daga ƙasar da ba a gano ba tukuna."

"Na ji labari. An ce har hirar kifaye take kamowa daga ƙasan teku."

"Ta kamo mana. Kuma su ma kifayen cewa suka yi in ba ni ba, ba mai kwasar ki."

"Allah ya sawwaƙe! Mijin da haƙoransa ke kwana a kofi?"

"Na kofin sun fi naki haske."

"Ka ji da shi. Af, Abba ma yana tafe. Ya ce ƙarfe sha biyu zai biyo ya ga aikin, ya ga jikinka."

Tsoho ya lalubi hannun kujera ya zauna, ya gyara hula kamar ba komai.

"Me zai gani a jikina? Ƙaho na fitar?"

"Kai da shi. Ni dai miƙo mini sifana lamba goma. Abokin aikina ya wuce wata unguwa da jakar, har na'urar gwajin sigina ya tafi da ita."

"Ma'aikaciya ba kayan aiki! Wallahi a zamaninmu da kunne za a ja ki a mayar da ke gida."

"A zamaninku da dutse ake ɗaure noti. Za ka ba ni ko sai na zazzage akwatin?"

"Taɓa mini akwati ki ga saki uku a tsaye."

Ya miƙe. Taku huɗu zuwa teburin aiki, hannu ƙasa, ga akwatin ƙarfen a inda yake kullum. Ya buɗe, yatsunsa suka bi kan filaya, suka bi kan sukundireba, suka taɓa makullin ɗakin baya da ke kwance a lungu, suka janye da sauri. Ya shafa bakin sifana ɗaya, ya ajiye, ya shafa na biyu.

"Ungo. Ido rufe ma zan ciro miki ita."

"Ka cika baki. To ga takarda, sa mini hannu a nan ƙasa."

Ya ji takardar tana kaɗawa a gabansa, fari fat, ba ya ganin ko layi guda.

"Ni ba na sa hannu a aikin da ban ga ƙarshensa ba. Ajiye can. In kika rusa mini bango fa?"

"Bangon da tari mai ƙarfi zai kayar? Shi ke nan, na ajiye."

Ta kinkimi faifan ta fita. Ya ji ta jingina tsani, ya ji injin huda bango yana kuka a saman taga. Ya koma gaban talabijin ɗinsa, ya danna maɓalli na biyu daga dama, wanda yatsansa ya sani. Wata mata tana ta bayani, a yi haƙuri, a haɗa dikoda, saura minti kaza. Tsoho bai damu da abin da take faɗa ba. Tun da aka bar shi shi kaɗai, muryar mutum kawai yake so a ɗakin.

Ƙarfe sha ɗaya daidai, matar tana tsakiyar godiya, aka datse ta. Sai shuuu.

Ya danna na farko, shuuu. Na uku, shuuu. Kai, duniya! Abin da ya ci ƙuruciyarsa a kai, rana da ruwa, an kashe shi da yatsa guda a wani ofis. Ya tuna yadda suke yi da marigayiya, shi a kan rufi yana juya sandar eriya, ita a bakin tagar nan tana ƙwala masa, "Ya yi! A'a, ya tafi! Koma kaɗan, kai ma dai!"

"In yi maka ta'aziyya ne, ko sai an yi kwana uku?" Jikar ce ta shigo tana jan waya.

"Suma ta yi. Za ta farfaɗo."

"Ta farfaɗo a wurin masu sayen tsohon ƙarfe. Ɗaga ƙafarka."

Ta durƙusa bayan talabijin, ta zare wannan ta soka wancan. Shuuu ɗin ya ɗauke, hasken allon ya koma shuɗi.

"Yauwa. Ga aikinka, Ango. Ka ga sandar nan a ƙasa, da lamba a gefenta? Ni zan hau in riƙa juya faifan, kai kuma ka riƙa karanto mini lambar ta taga. Irin aikin da marigayiya Iya take yi maka."

Tsoho ya ji kamar an zare masa kujera.

"A'a. Ni zan hau, ke ki karanta."

"Ka hau ina? So kake Abba ya tarar da kai a rataye ya yanka ni?"

"Na hau rufin da ko tsuntsu sai ya yi shawara."

"Wancan tsuntsun ya mutu, jikokinsa ma sun tsufa. Zauna. Karanta lamba kawai, ko ita ma ta fi ƙarfinka?"

"Ta fi ƙarfin wa? Hau ki gani!"

Da ta fita, ya jawo kujera har gwiwarsa ta taɓa teburin, ya kai hancinsa jikin allon. Shuɗi, da wani fari-fari a ƙasa, shi ke nan. Ya murza ido, ya ƙanƙance, ya karkata kai. Babu. To, ya za a yi? Ya ce a ransa, lamba ai lamba ce. Mitarsa ta da mai allura har ɗari biyu take kaiwa, kuma a wurinsa sigina mai kyau daga ɗari ake fara magana. Zai bi ta a hankali, in ta juya ya ƙara, in ta kai inda hannunta ya saba ai da kanta za ta ɗaure.

"Nawa?" ta ƙwalo daga sama.

"Ashirin!"

"Yanzu fa?"

"Talatin da biyar!"

"Da sauri haka? Ko taɓa shi ban yi ba."

"Iska ce ta taya ki, tun da ke ba ki iya ba. Juya!"

Ƙarfe ya yi ƙara a saman taga. Tsoho ya goge tafin hannunsa a riga.

"Nawa?"

"Arba'in da takwas."

"Yanzu?"

"Hamsin... da biyu."

"Kana karantawa ne ko kana tuno shekarun aurenka?"

"Ina karantawa, uwar surutu. Sittin!"

"Sittin? Haba! Jiya a gidan tela tamanin da bakwai na samu, kuma bayan dogon gini yake."

Nan fa aka taɓo tsoho. Tela? Telan da shi ya kafa wa ubansa eriya, har a ce siginar gidansa ta fi ta gidan Mai Eriya?

"Tela me ya sani ban da zare? Yi dama! Saba'in da biyar!"

"Kai!"

"Ƙara! Casa'in!"

"Casa'in? Ka tabbata?"

"Da idona nake gani! Ƙara kaɗan. Ɗari! Ɗari da goma! Ɗari da ashirin! Tsaya nan, ɗaure! Je ki gaya wa tela!"

Sama ta yi tsit. Tsoho bai lura ba, bakinsa ya riga ya buɗe, tsoro da fahariya sun haɗu suna tura shi. Yana fuskantar taga yana ta zuba: ta ɗaure da kyau, kada ta ci zaren notin, yaran yanzu ba su san darajar ƙarfe ba, in ta gama ta sauko ta dafa wa mijinta shayi. Ita kuwa ta riga ta sauko, ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta shigo.

"Kaka."

Muryar a gefen kafaɗarsa take. Ya zabura. Kuma Kaka ta ce, ba Ango ba, ba Tsoho ba. Rabon da ta kira shi haka tun ranar rasuwar Iya.

"Lambar nan ba ta wuce ɗari, Kaka."

"To... ta gidana ta wuce."

"Sifili ne a jiki. Ga shi nan ƙato, ya kusa cika allon."

"Talabijin ɗin ne ya tsufa, yana haɗa lambobi."

"Yatsu nawa na ɗaga?"

"Ke, ni sa'anki ne?"

"Nawa?"

Ya dubi inuwar da ke gabansa. Ya yi ta maza.

"Uku."

"Ban ɗaga ko ɗaya ba. Hannuna biyu suna riƙe da sifanarka."

Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

"Tun yaushe?"

"Wata takwas."

"Wata takwas! Kana kunna risho kai kaɗai? Kana tsallaka titin can mai manyan motoci? Inna lillahi! Ranar da na kawo maka takardar gama koyon aikina, ka riƙe ta ka daɗe, ka ce hotona ya yi muni..."

"Wannan ai ba sai na gani ba."

Wata 'yar dariya ta kuɓuce mata, ta haɗe da kuka, ta ja hanci.

"Kada ka sa ni dariya, wallahi haushinka nake ji."

Sai wayarta ta yi ƙara. Tsoho ya ji muryar ɗansa siririya daga ciki: ya fito, minti goma sha biyar ya iso. Ta ce, "To, Abba, Allah ya kawo ka," ta kashe.

"Amarya."

"Kada ka ce mini Amarya."

"Ki rufa mini asiri."

"Ban taɓa yi wa Abba ƙarya ba."

"Ban ce ki yi ƙarya ba. Shiru za ki yi."

"Ni da shiru? Yau ka san ni?"

"Saurara. A nan na san komai. Taku tara zuwa famfo, shida zuwa ƙofa, matakala biyu, ta biyun ta fi gajarta. A nan ni mutum ne. In ubanki ya kai ni can sama, ko banɗaki sai an riƙe mini hannu. A zaunar da ni a lungu, a riƙa ce wa yara su yi a hankali kada su ture Kaka. Wata biyu ba zan yi ba, ki rubuta ki ajiye."

"In kuma ka ƙone a nan fa? In ce na sani na yi shiru?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ji tana zagaya ɗakin, ta je taga ta dawo, tana buga sifanar a tafin hannu.

"Ban yi maka alkawarin komai ba," ta ce. "Amma aikin nan sai an gama. In Abba ya tarar da sifili, daga nan tambaya za ta fara."

Ta danna rimot sau uku ko huɗu. Sai talabijin ya fara wata ƙara, tuuu, mai kauri, ƙasa-ƙasa.

"Mene ne wannan?"

"Ƙarar sigina ce. In ta ƙaru, sautin yana sirancewa. Mu ba ma kunna ta, ba mai iya bambancewa, sai ciwon kai."

Tsoho ya ɗago kai a hankali.

"Wato abin yana da baki, kika bar ni ina ta zuba lissafi kamar ɗan aji ɗaya?"

"Ina na san mijin nawa da kunne yake kallo?"

"Hau! Ki hau, kina ɓata mini lokaci!"

Ta fita da gudu, ko takalmin ba ta tsaya ɗaurawa ba. Tsoho ya juya wa allon ƙeya, ya rufe idon da ba ya amfaninsa, ya kafa kunne.

"Fara daga hagu. A hankali, ba tuƙin tirela kike ba."

Tuuu. Ba canji.

"Ci gaba. Ci gaba. Wa ya koya miki aiki, mai faci?"

"Wanda ya koya mini yana da haƙora!"

"Yi shiru in ji!"

Sautin ya ɗan motsa, ya ɗaga kamar zai yi magana, ya koma.

"Tsaya! Kin wuce. Koma baya."

"Kamar yaya?"

"Faɗin farcenki. Ba na babban yatsa ba, na ƙaramin."

Sautin ya dawo, ya sirance. Tsoho ya miƙe tsaye bai sani ba, hannunsa ɗaya a sama yana juya iska.

"Yauwa. Yanzu ɗaga kansa. Kaɗan. Ƙara. A'a, ya yi yawa, sauke rabin abin da kika ɗaga."

"Saura minti shida, Tsoho!"

"Ko saura ɗaya ne ba a ɗaure aiki a karkace. Sauke!"

Sautin ya haura, ya haura, ya tsaya siriri tsaf, ba rawa.

"Nan! Kada ki yi numfashi. Fara ɗaure na ƙasa, in kin fara da na sama zai zame."

Ya ji sifana tana cizon noti. Sautin ya ɗan dusashe, abin da ba kowane kunne zai kama ba.

"Ya zame!"

"Bai zame ba!"

"Ya zame, silin gashi guda, zuwa dama. Mayar da shi ko in hau in same ki."

Ta yi tsaki, ta taɓa. Sautin ya koma inda yake. Ta ɗaure, ta sauko tana haki, ta tsaya a gaban allon.

"Nawa?" ya tambaya, murya ƙasa.

"Casa'in da shida." Ta ƙara duba allon. "Wallahi ko da na'ura ban taɓa wuce tamanin da tara ba."

"Tela ya ji labari."

Ta danna wani abu, aka ɗan jira, sai ɗakin ya cika da muryoyi: mai labarai, masu ƙwallo, wata mata tana koyar da ɗinki, duk tar kamar a ɗakin suke. Kafin tsoho ya ce wani abu, mota ta tsaya a ƙofar gida.

Ɗan nasa ya yi sallama ya shigo, ya durƙusa ya gaishe shi, makullan mota suna kaɗawa a hannunsa.

"Kai, hoto ya fita! Baba, ka ga bambanci ko?"

"Ba laifi. Yarinyar ta ɗan taɓuka."

"Ƙafar fa? Ba ka ƙara zamewa ba?"

"Ka ga na yi kama da mai zamewa?"

"Kai ai ko ƙafar ta cire cewa za ka yi lafiya lau." Ya juya wajen 'yarsa. "Ke da kika yini da shi, gaya mini gaskiya. Ya kika gan shi? Ba wata matsala?"

Tsoho ya riƙe hannun kujera. Ya ji ta ja numfashi.

"Abba... ai... lafiyarsa..."

Muryar ta zame. Silin gashi guda, amma ta zame, kuma kunnen da ya kama faifai a kan bango ba zai kasa kama wannan ba. Ƙarya za ta yi. Yarinyar da ba ta taɓa yi wa ubanta ƙarya ba, za ta fara yau, saboda shi. Wannan kuwa ya fi wa tsoho tsoron hawa na huɗu ɗaci.

"Bar yarinya," ya ce. "Ni za ka tambaya. Ba na gani. Wata takwas ke nan. Hoton nan da kake yabo ban san kalarsa ba, kai ma da muryarka na gane ka."

Makullan motar suka daina kaɗawa.

"Baba! Wata takwas? Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi ke nan, magana ta ƙare. Ke, ɗauko masa jakarsa, sauran kayan a kwashe gobe."

"Abba, don Allah ka saurare ni tukuna."

"Me zan saurara?"

"Faifan can da ke bango, shi ya saita shi, da kunne, ya fi na'urarmu. Sifanar nan a cikin guda ashirin ya ciro ta, bai yi kuskure ba. A gidan nan ba abin da ya ɓace masa. Jibi zan kai shi asibitin ido, likita ya duba, wataƙila yanar ido ce kawai a cire. Ni kuma yau ɗin nan zan dawo nan da zama. Wurin aikina ma ya fi kusa daga nan."

"Ki zauna a ina? Ɗaki ɗaya ne ya rage, kuma kin san ko ni bai bari na leƙa ba."

A talabijin wani ya ci ƙwallo, ana ta ihu. Ɗan ya sauke ajiyar zuciya.

"Baba, ka ji. Asibiti jibi, ka bar taɓa risho, ita kuma ta tare a ɗakin Iya. In ka yarda, na bar ka. In ba ka yarda ba, mota tana waje, kuma wallahi ba zan fita ni kaɗai ba."

Shekara biyu ɗakin nan yana yadda Iya ta bar shi, har ɗankwalinta a kan ƙusa. Tsoho ya yi gyaran murya.

"Wato in zauna gida ɗaya da mai minshari."

"Ni? Kai da minsharinka ke sa eriya rawa a kan rufi?"

"Ba ta iya shayi ba. Ruwan zafi take kawowa da fatan alheri."

"Mai haƙora a kofi har yana zaɓen shayi."

"Ka ji ko? Ka ji irin matar da kake so ka bar ni da ita?"

Yana faɗa yana miƙewa. Taku huɗu zuwa tebur, hannu ƙasa. Ya buɗe akwatin, yatsunsa suka wuce filaya, suka wuce sukundireba, suka shiga lungu, wannan karon ba su janye ba. Ya juyo ya miƙa makullin, sai dai ya miƙa shi wajen kabad, inda ba kowa. Jikar ta taka a hankali ta koma inda hannun yake, ta tara nata.

"Ungo," ya ce. "Ki buɗe tagogin ya sha iska. Madubinta kada ki... a'a, ki yi amfani da shi. Wataƙila ya gyara miki fuskar nan."

"Na gode, Kaka."

"Wane ne Kaka? An fara raina miji tun ba a tare ba. Sifanar ma riƙe, na gaji da ganin ma'aikaciya tana aro."

"Ganin?"

"Jin! Ke dai Allah ya shirye ki."

Ɗan ya zauna a bakin kujera yana goge ido da bayan hannu. Ita kuwa ta ɗauko takardar nan, ta kama yatsan tsoho ta ɗora a kan layin, ya sa hannu.

"Saura abu ɗaya, Ango. Akwai inda mai gida ke ba ma'aikaci maki, daga ɗaya zuwa ɗari. Nawa zan rubuta?"

Tsoho ya gyara zaman hularsa.

"Ɗari da ashirin."

Ta fashe da dariya har sai da ta dafa bango, shi ma ya biye mata, kafaɗunsa suna rawa. Ɗan ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce wai me aka yi ne, ba wanda ya iya ba shi amsa. Tana dariyar ta nufi ɗakin baya, tsoho ya karkata kai yana sauraro, har ya ji makullin ya juya.